Yarinyar da Na Ɓoye a Rumbu

Sallama gare ku, ku da masu karanta wannan mujalla. A shekarun da zan ba ku labari ni matar manomi ce a wani ƙauye na ƙasar Ruma, can gefen daji, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk unguwarmu an san ni da abu biyu: hannuna yana da kyau a suya, bakina kuma ba shi da birki. Idan akuyar maƙwabta ta sa baki a gyaɗata, har masu ɗiban ruwa a bakin rijiya sai sun ji labari. Ina ganin kaina mace mai dabara, wadda matsala ba ta kwana a gidanta ba ta samo mata mafita ba. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na ƙauyen ba. Wanda ya san mu zai gane, wanda bai san mu ba labarin ya ishe shi.

'Yata ta fari tana da shekara goma sha biyu a lokacin. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta rungume shi a gaban mutane. Kunya ce da muka tarar, ni kuwa na riƙe ta gam, har surukata tana ba da misali da ni a cikin matan gida. "Ke" nake ce mata, in kuma zan yi maganarta da wani sai in ce "waccan". Yarinyar kuwa Allah ya zuba mata surutu. Kakarta rediyo take kiranta, ta ce ita wannan ba ta neman batir. Idan ta dawo daga talla sai ta faɗa mini wanda ya saya, da wanda ya taya bai saya ba, da jakin wane da ya kwanta a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. Maganar da na fi yi mata a duniya ita ce ta yi mini shiru. Amma a raina ina jin daɗin surutun nan, in ta fita sai gidan ya yi mini faɗi. Ban taɓa gaya mata ba, don ba a gaya wa 'yar fari irin wannan.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana ranar kasuwar Batsari ce, yawancin maza ba su gari. Kaka ta yi, an fara kawo amfani gida. 'Yan kwanaki kafin nan mai mai zafi ya zube wa yarinyar a ƙafa tana taya ni suya, ƙafar ta kumbura, da ƙyar take taka ta. Bayan azahar ina tsakar gida ina matsar tunkuza sai na ji ƙarar babura, irin ƙarar da duk ɗan yankinmu ya sani, mai yawa kuma ba ta yankewa. Kafin in miƙe harbi ya tashi daga bakin gari. Ina da goyo a baya, ina da ɗan shekara huɗu a hannu, ga kuma wadda ba ta iya gudu. A bayan ɗakinmu akwai rumbun ƙasa wanda bai cika ba, ƙofarsa a sama take. Ban san inda na samo ƙarfi ba, na ciccibe ta na taka turmi na zura ta ciki. Na leƙa na gaya mata kada ta yi kuka, kada ta yi tari, kada ta amsa wa kowa ko da an kira sunanta, ko da muryar wanda ta sani ce, sai ni da kaina na zo na buɗe na ce ta fito. Ta tambaye ni yaushe zan dawo. Na ce yanzu-yanzu. Na mayar da murfi, na ja jinkar rumbun na rufe, na ɗauki ƙaramin na bi mata muka yi daji.

Daga inda muka ɓuya a cikin wani kwazazzabo muna hango gari. Da na ga hayaƙi ya tashi daga ɓangaren gidajenmu, na san abin da suke ƙonawa. Rumbuna suke bi suna cinna wa wuta. Na miƙe zan koma, mata suka danne ni, wata ta toshe mini baki ta ce in na fita duk na kashe su. Ban san yadda zan kwatanta muku tsoron da na ji ba. Ni da hannuna na saka ta, ni na rufe, ni na hana ta ihu. Washegari jami'an tsaro da 'yan sa-kai suka kwashe mu a mota suka kai mu Batsari, suka sauke mu a filin wata makarantar firamare, suka hana mata komawa. Ƙanen mijina na kama na gaya wa, shi ya bi 'yan sa-kai ya je. Ya ce rumbun maƙwabcinmu, wanda ɗan taku ne tsakaninsa da namu, ya zama toka, namu kuma gefensa ya yi baƙi ƙirin. Ya yi ta kiran sunanta bai ji motsi ba, har ya fara salati. Da ya ɗaga murfin ya same ta zaune a kan dawa, ido buɗe, ta cusa ɗankwalinta a baki don kada hayaƙi ya sa ta tari. Ya ce ta fito ta ƙi, sai janyo ta ya yi.

A nan ne na yi kuskuren da na daɗe ban san kuskure ba ne. Da la'asar ya shigo da ita filin makarantar a kafaɗa, ya dire ta. Wurin cike yake da jama'a, ga surukata, ga yayyen mijina, ga dattawan ƙauyenmu a gindin bishiya. Wallahi ƙafafuna suna son su kwasa da gudu zuwa wajenta. Amma idanun mutane na kaina, sai kunyar nan ta taso ta riƙe ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ba jariri nono. Yarinyar ta tsaya a kan ƙafa ɗaya tana kallona, ta daɗe tana kallona. Kakarta ce ta taso ta rungume ta tana kuka, ta ja ta gefe. Har na ji wata tsohuwa tana cewa kai, wance akwai kara, ko ɗaga ido ba ta yi ba. A ranar na ɗauki wannan a matsayin yabo.

Ba mu koma ƙauye ba. Wani ɗan'uwan maigidana, mahauci ne a Batsari, ya ba mu ɗaki ɗaya a gidansa. Ƙafar yarinyar ta warke, amma rediyo ya mutu. Ba ta ce uffan ba tun ranar. In an ba ta abinci ta ci kaɗan, in an ce ta yi shara ta yi, amma magana babu, kuka babu, ko tari ne ya taso mata sai ka ga tana haɗiye shi har idonta ya kawo ruwa. Batsari kuwa gari ne na babura, daga asuba har dare 'yan acaɓa ba su hutawa. Duk lokacin da wani ya wuce ta bayan katangarmu da ƙarfi, sai a neme ta a rasa, sai a gan ta a ƙarƙashin gado ko bayan randa ta cusa mayafi a baki. Da farko na ce za ta ware. Da abin ya ƙi ƙarewa sai halina ya motsa, na fara yi mata faɗa, ina cewa duk garin ba ita kaɗai aka kora ba, ga sa'o'inta nan sun koma talla. Akwai ranar da na kai mata duka don ta ƙi amsa gaisuwar baƙi. Ta tsaya na dake ta ba ta ko motsa ba. Tsoron da na fi ji a lokacin shi ne bakin mutane, kada a ce ta haukace, ko a ce 'yan bindiga sun yi mata wani abu. Don haka na hana ta fita, in an tambaya sai in ce ƙafar ce har yanzu.

Matar mai gidan ce ta ce mini wannan ba ya rasa nasaba da iska, tunda rumbu wuri ne mai duhu, kuma yarinyar ta kwana a ciki ita kaɗai. Maganar ta shige ni. Ta kawo mini wata tsohuwa mai ba da magani, mace mai kirki, ban riƙe ta da komai ba, abin da ta iya ta yi. Ta ce a yi mata hayaƙi. Yadda ake yi kowa ya sani: a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa magani, a zaunar da mai ciwo, a lulluɓe shi da bargo shi da kaskon. Muka rufe ƙofa da taga. Ni na riƙe bargon ta gefe ɗaya, matar gidan ta riƙe ɗaya gefen. Ina jin jikin yarinyar yana karkarwa a ƙarƙashin hannuna kamar kazar da aka tsamo daga ruwa, amma ba ta yi ƙara ba. Da muka yaye muka tarar ta yi fitsari a zaune, mayafi a baki. Tsohuwar ta ce aljani mai taurin kai ne ya kama ta, tunda ya ƙi magana, sai an maimaita. Muka yi ta maimaitawa. Ku duba fa, yarinyar da ta kwana a rufe cikin duhu hayaƙi yana shigar mata, ita na kama nake rufewa cikin duhu ina tura mata hayaƙi, ni ɗin dai da na rufe ta da farko. Duk dabarar da nake taƙama da ita ba ta nuna mini wannan ba. Bayan haka in na shigo ɗaki sai ta manne da bango, abincin ma ta daina karɓa daga hannuna.

Da bazara ta yi, zafi ya kai inda ya kai, aka yi wani biki a unguwar. Da rana tsaka samari 'yan rakiyar ango suka biyo ta layinmu a kan babura, suna murza su suna ihu, wani ma ya buga abin wasan wuta mai ƙara kamar bindiga. Ina gidan maƙwabta ina surfe. Na yar da taɓarya na yi gida. Na duba ƙarƙashin gado babu ita, bayan randa babu, banɗaki babu. Gida ya ruɗe, aka bazu cikin unguwa ana kiran sunanta, wasu suka nufi rijiya, maigidana ya nufi tasha. Ni ko a wannan halin ban iya kiran sunan ba, "ke, ke" kawai nake yi kamar mai korar kaji. An daɗe ana nema. Na dawo tsakar gida na jingina da duron ƙarfen da muke tara ruwa, wanda ya kwana biyu babu komai ciki. Ƙarfen ya ƙona mini hannu. Da na duba sai na ga bakin mayafinta ya leƙo ta ƙarƙashin murfin. Ta shiga ta ja murfi ta rufe kanta, a cikin ranar nan, tana jin ana kiranta ta ƙi amsawa har ta suma. Da muka fito da ita jikinta kamar an sauke daga wuta, wuyanta ya saki. Na ɗauka ta mutu, na faɗi a wurin ina birgima.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa ta farfaɗo. Likitan ya saurare mu, ya ce jikinta zai warware, amma ciwon da ya saka ta a duro ba na jiki ba ne, kuma su a nan ba su da mai duba irin wannan ga yara, sai mu je Katsina. Faɗar hakan da sauƙi. Tasha cike take da babura, da ƙyar maza biyu suka shigar da ita mota, ta ciji hannun babanta har jini. Hanya kuma kowa ya san halin da take ciki, ana tafiya ana addu'a. A can muka zauna layi cikin manya masu taɓin hankali, wani an ɗaure masa hannu yana ta zage-zage, yarinyar ta shige ƙarƙashin benci. An duba ta, an ba mu magani, an ce mu dawo. Ba mu koma ba. Ba don ba mu so ba, tafiyar ce ta fi ƙarfinmu, ita kuma kowace tafiya ƙara mata ciwo take. Na dawo na zama mai gadi. Na kife duro, na ɗaure murfin rijiya, na fitar da babban akwati daga ɗaki. Ko wanka zan shiga sai na sa wani ya zauna da ita. Duk babur ɗin da ya wuce sai na ji kamar a ƙirjina ya bi, don na san wata rana za ta sami wurin ɓuyan da ba zan gano da wuri ba.

Ana cikin haka ƙanwar maigidana, wadda ke aure a Safana, mijinta malamin makaranta ne, ta zo duba mu. Ta ce a wani ƙaramin asibiti da ke wajensu an ware ɗaki don yara da matasa masu irin wannan lalura, an tura wata malamar asibiti ta koyo aikin, tana zama wasu ranaku a mako, kuma in abu ya yi tsanani tana magana da likita a birni ta waya. Ni da bakina na ce mata in dai hira ce maganin, ai mu ma mun iya hira. Ta ce in zo in gani. Wani mai a-kori-kura da ke ɗaukar buhuna ya yarda ya zo har ƙofar gida da sassafe kafin gari ya cika, muka zauna a gaba, na toshe mata kunne da auduga. Da muka isa na yi mamakin yawan mutanen da na tarar. Ga wani yaro daga wajen Babban Duhu da ba ya barci tun da aka kashe yayansa a gabansa wajen kiwo, ga wata budurwa da ke tsige gashin kanta, ga wani saurayi da ubansa ya ce ya kama shi da fiya-fiya, maganin ƙwari, a hannu zai sha. Duk iyayen suna sunkuyar da kai kamar yadda nake yi, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne.

Malamar ba ta kai ni shekaru ba. Abu na farko da na lura da shi, ba ta rufe ƙofa ba, ta ma sa dutse ta tokare ta. Ta shimfiɗa tabarma kusa da bakin ƙofar, ta ajiye wa yarinyar kwanon gyaɗa ta ce in tana so ta ɓare, in ba ta so ta bari, ba ta tambaye ta komai ba. Ni ta ja gefe ta ce in ba ta labari tun daga farko, kada in tsallake. Da na zo kan hayaƙi ba ta zage ni ba, ta ce dai daga yau a daina, addu'a da tofi a ci gaba da su, amma kada a sake rufe ta da komai. Sai ta mayar da ni baya, ta tambayi abin da na gaya wa yarinyar lokacin da na saka ta a rumbu. Na faɗa mata. Ta tambayi wanda ya fito da ita, na ce ƙanen babanta. Ta tambayi abin da na ce mata da aka kawo ta. Na ce ban ce komai ba, 'yar fari ce. Ta ce ita ma 'yar fari ce, ta san wannan kunyar. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko tun daga ranar har yau na taɓa ce mata ta fito. Wallahi ban taɓa ba. Na waiwaya na kalli yarinyar tana ɓarar gyaɗa ba ƙara, tana ajiye ɓawon a hankali don kada ya yi motsi. Ashe duk watannin nan umarnina take bi. Ni ina dukanta don ta ƙi magana, ita kuwa tana jiran in zo.

Malamar ta gargaɗe ni kada in ɗauka kalma ɗaya za ta warkar da ita. Ta ce ciwon razana ne, yana da magani amma yana son lokaci, za mu riƙa zuwa, kuma likita zai ba da abin da zai taimaka mata ta yi barci. Amma ta ce akwai abin da ba wanda zai iya yi sai ni. Kwana biyu ina juya abin a raina, kunya tana ja na baya. Rana ta uku wani ɗan acaɓa ya wuce, ta shige ƙarƙashin gado. Surukata tana zaune a ɗakin, matar gidan tana bakin ƙofa. Na durƙusa na ɗaga zanin gadon. Na kira sunanta, sunan da aka raɗa mata, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar suna. Na ce ni ce, na zo, na buɗe, ta fito. Na ce ta yi tari in tana so, ta yi kuka, ta yi magana, sun tafi. Ta zuba mini ido kawai. Ba ta fito ba sai da ta ga dama, ba ta kuma ce komai ba. Surukata ta tashi ta fita, na ɗauka fushi ta yi, ashe kuka ta je yi a bayan ɗaki.

Haka na riƙa yi duk lokacin da ta ɓuya, wani lokaci sau da yawa a yini, har ƙananan suka haddace suna taya ni. Muna zuwa Safana, malamar tana zama da ita, ta koya mata yadda za ta ja numfashi in ta ji babur, ta sa aka riƙa tayar da wani babur a can nesa tana riƙe da hannunta, ana matso da shi kaɗan-kaɗan. Na fara fid da rai, ina cewa wataƙila na makara. Sai wata rana da hantsi, damina ta fara, ina durƙushe a gaban gadon na gama faɗin abin da na saba, na ji ta yi tari. Tari ƙarami, busasshe. Sai wani ya biyo, sai ta zare mayafin daga baki ta yi ta tari kamar hayaƙin ranar ne yake fita, daga nan kuka ya ɓalle. Ta rarrafo ta faɗa jikina, na riƙe ta a gaban kowa. Da kukan ya lafa ta ɗago, da wata murya da ta dushe don rashin amfani, ta ce mini Inna, kin daɗe. Ta ce ai na ce mata yanzu-yanzu.

Yau tana magana, ko da yake rediyon bai dawo kamar da ba. Ta koma makaranta, tana tafiya ta gefen katanga, in babura suka yi yawa takan tsaya ta rufe ido ta ja numfashi. Akwai ranakun da abin ke dawowa. Ni ma tsoron bai sake ni ba, har yanzu duronmu a kife yake, a bokitai muke tara ruwa. Abin da ke ƙara tayar mini da hankali shi ne malamar nan ita kaɗai ce, layin kuma kullum ƙaruwa yake, ga shi ciwon ba ya jiran ranar da take zama. Ranar da 'yata ta shiga duro, da ta cika, da ba a kai ga wata Safana ba. Ina roƙon masu iko da masu hali, irin ɗakin nan a yawaita shi, a sa a Batsari, a sa a Ruma, a sa duk inda aka tara 'yan gudun hijira, a koya wa ma'aikata da yawa, a sami wanda za a buga wa ƙofa ko wace rana ce. Yaran da suka ga abin da namu suka gani suna da yawa, kuma ba kowane uba ne zai iya kai ɗansa birni ba.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, musamman mu na ƙauye da muka koya wa 'ya'yanmu ɓuya da shiru don su tsira, ku tuna abin da kuka gaya musu a ranar gudu, don su ba su manta ba. In yaro ya canza bayan tashin hankali, ya daina magana, ko barci, ko ya riƙa neman lungu, kada ku dake shi, kada ku rufe shi a ɗaki don gudun bakin mutane, kada ku lulluɓe shi da hayaƙi. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi inda aka san ciwon tun kafin ya kai ga duro ko rijiya. Kunyar ɗan fari ban ce a yar da ita ba, da ita aka raine ni, amma ranar da aka dire mini 'yata a filin makarantar nan ba ranar kunya ba ce, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda suka yabe ni da ya kwana da ita a ƙarƙashin gado. Na roƙe ta gafara, ta ce ba komai. Amma har yau in zan fita, ko nan da maƙwabta ne, sai ta bi ni bakin ƙofa ta tambaye ni yaushe zan dawo. Na daina ce mata yanzu-yanzu. Ina gaya mata lokacin, in kira sunanta, kuma ina dawowa kafin ya yi.